Birki a Ƙasashen Ƙanƙara: Sanyi Ne Mai Laifi ko Gishiri?

Da asubahin ranar 11 ga Fabrairun 2021, motoci fiye da 130 suka afka wa juna a kan babbar hanyar I-35W da ta ratsa birnin Fort Worth na jihar Texas a Amurka. Mutum shida suka rasu. Yayyafi aka yi, sanyi ya daskarar da shi a kan wani sashe na titin da ke bisa gada, ya zama siririyar ƙanƙara wadda ido ba ya gani. Duk wanda ya kalli bidiyon yadda tireloli ke tahowa suna danne ƙananan motoci zai rantse birki ne ya ƙwace musu. Amma da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, NTSB, ta kammala aikinta, sai ta ɗora laifin a kan rashin sa ido ga ƙanƙarar da ke kan titin, da kuma gudun da direbobi ke yi a yanayin da bai kamata ba.

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Kanada da arewacin Amurka da Rasha da ƙasashen arewacin Turai, garejoji kan cika da masu kuka da birki. Wani ya ce ƙara yake ji, wani ya ce feda ta yi masa tauri, wani ya ce rawa take yi a ƙarƙashin ƙafarsa, wani kuma ya wayi gari motar ta ƙi gusawa daga inda ya ajiye ta. Kukan iri ɗaya ne, cututtukan kuwa daban-daban. Abin takaicin, wadda ta fi tayar wa mai mota hankali ita ce mafi sauƙi, wadda ta fi kisa kuma ko ƙara ba ta yi.

A fara da abin da ya faru a Texas ɗin. Aikin birki shi ne ya riƙe taya, ita kuma tayar ta riƙe titi. Kowace taya tana taɓa kwalta ne da wuri mai faɗin tafin hannu, kuma a waɗannan wurare huɗu rayuwar duk wanda ke cikin motar ta rataya. A busasshiyar kwalta, mota mai gudun kilomita 50 a awa za ta iya tsayawa cikin kamar mita 14 daga lokacin da birki ya kama. A kan dusar ƙanƙarar da motoci suka tattake, tazarar kan ninka sau uku ko kusa da haka. A kan ƙanƙara mai santsi kuwa tana iya kusantar mita 100. Littafin dokokin hanya na Birtaniya ma ya gargaɗi direbobi cewa tazarar tsayawa a kan ƙanƙara na iya ninka ta busasshen titi har sau goma. A irin wannan hali birkin lafiyarsa lau, ƙarfinsa ma ya yi wa titin yawa. Ko da sabon birkin motar tsere aka ɗaura, ba abin da zai ƙaru.

Shi ya sa ƙasashen da suka san sanyi suka mayar da hankali kan taya. Robar tayar da aka yi don lokacin zafi takan fara tauri da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas, sai ta daina lanƙwasawa tana shiga ƙananan ramukan kwalta. Tayar hunturu robarta ta fi laushi, kuma an yi mata ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. Ana gane ta da tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Lardin Quebec na Kanada ya wajabta ta tun 2008, kuma a yanzu dokar na aiki daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus tun 2010 take cin tarar wanda ya fita cikin ƙanƙara da tayar zafi. A Finlan da Suwidin da Norwe har taya mai ƙananan ƙusoshi ake sakawa, wadda Jamus ta haramta saboda tana cinye kwalta. Masu manyan jif-jif da ke ja da ƙafa huɗu su ne suka fi yaudarar kansu a nan. Jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi a kan santsi, ya sa direba ya ji kamar titin lafiya yake, alhali wajen tsayawa ba ta fi ƙaramar mota da komai ba, nauyinta ma ya ƙara mata tazara.

Sai batun rawar feda, wanda ke razana baƙo a shekararsa ta farko a ƙasar sanyi. Wannan aikin ABS ne, na'urar da kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da ita kasuwa a 1978, wadda yanzu da wuya a sami sabuwar mota babu ita. Idan taya ta kusa ƙamewa ta fara jan ƙasa, na'urar kan saki birkin wannan tayar ta sake kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don tayar ta ci gaba da juyawa direba ya iya sarrafa sitiyari. Wanda bai saba ba, da ya ji fedar na karkarwa ga kuma ƙara kamar ana niƙa, sai ya ɗaga ƙafa, wanda shi ne kuskuren. Dannewa ake yi a riƙe, a kauce da sitiyari. Tsohuwar dabarar taka-ka-saki ta motocin da ba su da ABS ce. Sai dai a faɗi gaskiya, a kan dusar ƙanƙara mai laushi da ba a tattake ba, ABS na iya ƙara tazarar tsayawa, domin tayar da ta ƙame takan tara tudu a gabanta ya tare ta. An zaɓi a bar wa direba ikon juya mota ne a kan 'yan mitocin da zai rasa, kuma a ganina zaɓin daidai ne. Wani lokaci kuma laka da ƙanƙara kan lulluɓe 'yar na'urar da ke ƙirga juyin taya, sai fitilar ABS ta kama a gaban direba. Birkin yau da kullum na nan yana aiki, taimakon ne ya ɗauke. Idan an wanke ƙafafun motar, ta kwana a wuri mai ɗumi, fitilar ba ta mutu ba, sai a kai wa bakanike.

Ƙarar da ake ji da safe ba ta cancanci dogon bayani ba. Faifan birki ƙarfe ne tsirara, ba fenti. Danshi ya kwana a kansa, ya yi jan tsatsa sama-sama, taka birki uku ko huɗu ya share ta. Ƙarar da ta ƙi tafiya bayan an yi 'yar tafiya ita ce abin dubawa.

Motar da ta ƙi gusawa da safe kuwa, galibi birkin hannu ne ya daskare. Wayarsa tana tafiya ne cikin wani kube a ƙarƙashin mota; idan kuben ya tsage ruwa ya shiga, sanyin dare ya mayar da shi ƙanƙara, sai direba ya sauke sandar a cikin mota amma can baya birkin na riƙe. A motocin da ke da birkin ganga a baya, takalmin birkin kansa kan manne da gangar idan an ajiye motar da jiƙa. Mazauna ƙasashen sun san maganin tun kaka da kakanni: a daren da za a yi tsananin sanyi, idan wurin a miƙe yake, a bar motar a giya ko a kan P, kada a ja birkin hannu. Wanda ya fito daga wurin wankin mota ko ya ratsa narkakkiyar ƙanƙara, ya riƙa ɗan taɓa birki kafin ya isa gida don zafin ya busar da shi. Watsa ruwan zafi yana sakin birkin na ɗan lokaci, daga baya ruwan ya daskare ya ƙara lamarin. Taka totur da ƙarfi don a fizge motar kuwa na iya ɓare fuskar takalmin birkin daga jikin ƙarfensa.

Taurin feda ya fi wannan haɗari, ko da yake bai kai shi yawa ba. Ƙarfin ƙafar mutum kaɗai ba ya tsayar da mota mai nauyin tan ɗaya da rabi cikin sauƙi. Akwai wata tukunya a bayan feda wadda zuƙar injin ke taimaka wa ta ninka ƙarfin. Idan danshi ya daskare a tiyon da ke haɗa su ko a bawul ɗinsa, taimakon ya yanke, fedar ta ƙi dannuwa. Birkin bai mutu ba, amma sai an taka shi da iyakar ƙarfi. Don haka direban da ya san abin da yake yi kan gwada birki tun a ƙofar gida, kafin ya hau babban titi.

Ana yawan cewa man birki na daskarewa. Maganar na buƙatar gyara. Man da yawancin motoci ke sha, wato DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, an yi shi ne yadda zai ci gaba da gudana har a digiri 40 ƙasa da sifili, sanyin da birane kamar Winnipeg da Yakutsk suka sani. Abin da yake yi shi ne kauri. A ma'aunin da ruwan sha ke da kusan 1, ƙa'idar Amurka ta yarda DOT 4 ya kai 1800 a wannan sanyin, DOT 5.1 kuma kada ya wuce 900. Tsohuwar mota ba ta damu da wannan sosai ba. Amma ABS da na'urar hana mota juyawa suna tura man ne ta ƙananan ƙofofi cikin ƙiftawar ido, kuma mai mai kauri na jinkirta su a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. Wannan ne ya sa aka fito da DOT 4 mai laƙabin LV, wanda kaurinsa ba ya wuce 750, kuma kamfanonin Turai da dama shi suke cewa a zuba.

Ainihin matsalar man birki ita ce shan ruwa. Yana janyo danshi daga iska a hankali, ta murfin tulunsa da ta jikin tiyon roba. Wani ɓangare na wannan halin alheri ne, domin ruwan kan narke a cikin man maimakon ya taru wuri ɗaya ya daskare ya toshe bututu. DOT 5, wanda ba ya gauraya da ruwa, shi ke da wannan haɗarin, kuma ba a zuba shi a motar da ke da ABS. Amma ruwan na da farashi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230. Idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ƙa'idar ta sauko zuwa 155. Na DOT 3 daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Mai gangarowa daga dutse da ƙafa a kan birki na iya kai man ga tafasa ko da ana zuba dusar ƙanƙara a waje, kuma da ya tafasa ya yi tururi, feda sai ta tafi ƙasa fayau. Ga shi kuma ruwan na cin ƙarfe ta ciki. Kamfanoni da yawa na cewa a zubar da man a sa sabo duk shekara biyu, shawarar da masu mota suka fi kowace yin biris da ita, saboda man birki ba ya baƙi da sauri yadda man inji ke yi.

Manyan motoci nasu daban ne, tunda da iska birkinsu ke aiki. Iskar da aka matse takan zubar da ruwa a cikin tankuna, ruwan ya daskare a bawul, ko dai birkin ya ƙi kamawa ko ya ƙi saki. Shi ya sa ake sa musu na'urar busar da iska, ake kuma koya wa direba ya riƙa tsiyaye tankunan a ƙarshen aikin kowace rana, ya kuma kashe birkin inji idan titi na santsi, don kada ƙafafun baya su zame tirelar ta naɗe.

Ban da ruwan da man birki ke sha, duk waɗannan da aka lissafa suna zuwa da sanyi, su tafi da shi. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Don a narkar da ƙanƙara, hukumomi na watsa gishiri a tituna. Kanada na zuba kusan tan miliyan 5 a shekara, Amurka kuwa takan kai tan miliyan 20. Gishirin gari ƙarfinsa na raguwa idan sanyi ya wuce kamar digiri 10 ƙasa da sifili, sai a koma ga wasu sinadarai 'yan uwansa, na kalsiyam da magniziyam, waɗanda ake fesawa a matsayin ruwa tun kafin ƙanƙarar ta sauka. Ba mai musun cewa wannan na ceton rayuka. Sai dai waɗannan na biyun suna riƙe danshi, suna manne wa ƙarfe, suna shiga lungunan da ruwan wanki ba ya kaiwa, su ci gaba da aiki har bayan hunturu ya wuce. Wani abin mamaki, motar da ke kwana a gareji mai ɗumi na iya fin wadda ke kwana a waje tsatsa, domin kowane dare gishirin da ya daskare a jikinta na narkewa ya koma aiki, kuma ɗumi na hanzarta tsatsa.

Ɓarnar kan fara daga ƙafafu. Ƙusoshin da kalifa (maƙalin da ke matse faifan birki) ke zamewa a kansu su bushe su cije, sai fad ɗaya (takalmin da ke goga faifan) ya cinye ɗayan na nan sabo, motar ta riƙa fizga gefe guda idan an taka birki, ko ƙafa ɗaya ta riƙa zafi tana wari. Tsatsa ta kumbura a mazaunin fad ta matse shi ya daina motsi. Wani lokaci ta shiga tsakanin fuskar fad da ƙarfen bayansa ta raba su. Waɗannan duka suna ba da alama, kuma bakanike zai gani idan ya cire taya.

Wanda ba ya ba da alama shi ne siririn bututun ƙarfen da ke kai mai daga gaba zuwa ƙafafun baya. Yana bi ta ƙarƙashin mota, ta saman tankin fetur, ta cikin maƙalai na roba inda laka mai gishiri ke taruwa. Tsatsa na cin bangonsa shekara bayan shekara, birki kuma na aiki daidai, domin takawar yau da kullum ba ta matsa masa sosai. Ranar da yaro ya gifta ko motar gaba ta tsaya ba zato, direba ya danna da ƙarfi, a ranar bututun ke fashewa. Motocin zamani layin birkinsu biyu ne, don haka rabi kan rage, amma fedar kan nutse kusan ƙasa, tazarar tsayawa ta ƙaru, kuma mutum cikin firgici ba ya sanin cewa akwai saura.

An yi shari'ar wannan a bainar jama'a. Hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, NHTSA, ta shafe daga 2010 zuwa 2015 tana binciken fashewar bututun birki a jif-jif da motocin a-kori-kura na General Motors ƙirar 1999 zuwa 2003. A ƙarshe ta rufe binciken ba tare da ta tilasta a janye motocin ba, ta ce tsufa ne da gishiri, ta shawarci masu tsofaffin motoci a jihohin gishiri su riƙa wanke ƙarƙashinsu suna kai su a duba. Subaru kuwa a 2014 ta kira motoci kusan 660,000 a dawo da su saboda wannan matsalar. Ni dai hukuncin hukumar bai gamsar da ni ba. An daɗe da sanin maganin: bututun gaurayen tagulla da nikel, wanda Volvo ta fara sakawa tun 1976, ko kuwa na ƙarfe mai rigar roba, wanda kamfanoni da yawa suka koma wa daga baya. Bambancin kuɗinsa a kan farashin sabuwar mota ƙalilan ne. A ce wa talakan da ya sayi mota mai shekara 12 ya riƙa shiga ƙarƙashinta da tiyo cikin sanyin Janairu, wannan ture nauyi ne daga mai ƙarfi zuwa marar ƙarfi. Ƙari a kan haka, Birtaniya na duba lafiyar mota duk shekara da zarar ta cika shekara uku, Jamus duk shekara biyu, amma jiha kamar Michigan, wadda ke tsakiyar yankin gishiri, ba ta da irin wannan dubawar ta dole.

Motocin lantarki sun zo da nasu salon. Yawancin rage gudunsu injin ne ke yi, yana mayar da ƙarfin cikin batir, sai birkin ƙafafu ya yi ta zama ba aiki, tsatsa ta samu sarari. A Norwe, inda kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, shawarar da ake ba masu su ita ce su riƙa taka birki da ƙarfi jefi-jefi a wurin da ba kowa. Batir mai sanyi kuma ba ya karɓar caji da sauri, don haka da safe motar ba ta rage gudu da kanta yadda direba ya saba idan ya ɗaga ƙafa.

Sanyin Kano ko na Jos a watan Janairu ba ya daskarar da wayar birkin kowa, kuma ba mai watsa gishiri a titin Zariya. Amma kaso mai yawa na motocin da ake saukewa a Legas da Kwatano da Lome, su ƙarasa kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi, daga Amurka da Kanada suke, wasunsu sun yi hunturu goma a Ontario ko Ohio ko New York kafin a yi gwanjonsu. Mai saye a nan kan duba fenti da kujeru da sanyin AC, ya saurari inji, ya kalli kilomita. Motar da ta fito daga Arizona da kilomita mai yawa na iya fin ta Ontario mai ƙarancin tafiya lafiyar ƙarƙashi nesa ba kusa ba. Tsatsar da ta riga ta ci bangon bututu ba ta komawa don motar ta shigo ƙasa mai rana, tsohon man birki mai ruwa kuma a gangara irin ta Hawan Kibo yake nuna halinsa.

Saboda haka, mai niyyar sayen irin wannan mota, kafin ka biya, ka sa a bincika lambar shasinta a ga jihar da ta zauna. Ka sa a hau da ita kan rami, ka shiga da fitila kai da bakanikenka, ku bi bututun birki daga gaba har baya, musamman saman tanki da kusa da ƙafafun baya. Jan tsatsa sama-sama ba komai ba ne; wadda ta kumbura tana ɓarewa, a canza bututun gaba ɗayansa. A zubar da man birkin da ta zo da shi a sa irin wanda aka rubuta a murfin tulun. Idan kuma wani ya ce zai haɗa maka wurin da ya fashe da guntun tiyo, ko ya toshe layin baya ka lallaɓa da na gaba, ka ɗauki motarka ka nemi wani garejin.